Miya Ba Barkono

A benen da muke haya a unguwar Ammariyya, cikin Jidda, ƙofa uku ce a hawanmu, kuma duk wanda ya soya albasa sai sauran biyun sun sani. Ni 'yar Maraɗi ce, ɗinki nake yi a cikin ɗaki, maigidana kuma direba ne a wani ofis da ke Bagdadiyya. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata Bahaushiyar Sudan ce da ta girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce mata. A can bakin kogin Nilu aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in ta jefa maka karin magana sai ka rantse jiya ta baro Katsina. Ƙofa ta uku ta wani Bafalasɗine ce mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya taɓa yin rani a Jidda ya san darajar irin wannan maƙwabci. Sau nawa tamu tana mutuwa ya zo ya tashe ta, in maigidana ya sa hannu a aljihu sai ya ɓata rai ya ce, "Aib, ya jar," wato abin kunya ne tsakanin maƙwabta.

Shi kaɗai yake zaune, har shekarar da ya ɗauko mahaifiyarsa daga Gaza don a cire mata yanar ido. Gajeriyar tsohuwa ce mai kumari, da farin mayafi da baƙar riga mai jan aiki a ƙirji. Na faɗa da gaskiya, rigar na fara gaisarwa kafin mai rigar. Madinkiya ba ta ganin aikin allura irin wannan ta wuce. Na kama hannun rigar ina juyawa, ita kuma ta kama hannuna tana duba yatsuna, kowa ta gane 'yar'uwarta ba tare da an yi dogon Larabci ba. Hajja muka riƙa ce mata, ita kuma ni da Yaya duk "ya binti" take ce mana, wato 'yata, har Yaya da furfurarta.

An yi aikin lafiya, ido ya buɗe, tana shirin komawa sai yaƙi ya ɓarke. Hanya ta rufe. 'Yarta da jikokinta suna can, ita tana nan.

Kwanakin nan ba na son tuna su da yawa. Kowane shago ka shiga labarai ake kallo, a masallaci ana alƙunutu, mutane suna ba da abin da ya sawwaƙa ta hanyar da hukuma ta buɗe. Mu ma mun bayar. Amma duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, don abin da ka tura ta waya ba ka ganin inda ya sauka. Gaza ta yi mana nisa, hannunmu bai kai ba. Gazar da hannunmu ya kai ita ce wadda ke bayan ƙofa ta uku.

Wata rana da hantsi ɗan nata ya tare ni a matakala, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Mutum ne mai yawan wasa, amma ranar ko murmushi babu. Ya ce Hajja ta daina cin abinci. Shayi kawai, sai ɗan gutsuren burodi in ya matsa mata. Ga ciwon suga, likita kuma ya ce in aka ci gaba a haka sai dai a kwantar da ita. In ya yi magana sai ta ce masa ta yaya loma za ta wuce mata alhali yara suna kwana da yunwa. Ya ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, ni namiji ne, abincin kanti nake kawo mata. Ko za ku gwada?"

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar nan na ture keken ɗinki gefe na ɗora tukunya. Na san Larabawa suna son lalo, mulukiyya suke ce masa, don haka na ce miyar lalo da kaza za a yi, da shinkafa mai laushi. Sai dai akwai wata doka da na daɗe da kafawa a kaina: Balarabe ba ya cin yaji. Na taɓa ba wata Balarabiya mai kawo mini ɗinki ɗanwake da yaji, ta sha ruwa har na ji tsoron tankin gidan zai ƙare. Saboda haka na cire barkono, na cire attaruhu, na cire daddawa, har citta na hana ta shiga. Abin da ya rage a tukunyar, ni kaina da na ɗanɗana sai da na nemi gafarar kakata.

Kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi, sai dai an ɗora dabino a kan murfin. Washegari Yaya ta yi tata, ita ma lami, ya dawo da 'yan zaitun a ƙaramin faranti. Haka muka yi ta yi, yau ni gobe ita, muna ƙara cire abubuwa daga miya don muna ganin ko cikinta ne ba ya so. Maigidana, wanda shi ke cinye abin da ya dawo, ya fara tambaya ko wani laifi ya yi mini.

Yaya ce ta fara gano bakin zaren. Ita ma nata dangin yaƙi ya watsa su daga Kartum, wasu suna Masar, wasu ba ta ma san inda suke ba, don haka ta san ɗacin da abinci ke yi a bakin wanda nasa ke cikin wuta. Ta zo ta zauna a bakin gadona ina ɗinki, ta ce, "Ke ba ki lura ba? Matar nan ba ta taɓa dawo mana da kwano wayam ba. Mai kunyar kwano ai da sauranta. Kuma wannan sanɗa da muke yi mata, muna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki, shi ke ƙara kwantar da ita. Khalas, magana ta ƙare, gobe ki kai da kanki, ki zauna, kada ki tashi."

Na kai, na zauna. Hajja tana kan kujera, waya a cinyarta, rigar nan mai jan aiki ta yi mata yawa. Ta ga dai ba ni da niyyar tafiya, sai kunya ta sa ta ɗauki cokali ta taɓa miyar da bakinsa, ta kai harshe. Ta ajiye cokalin. Ta dube ni da sabon idonta, sama da ƙasa.

"Ya binti," ta ce, "ku ba ku da barkono a ƙasarku?"

Jama'a! Ni? 'Yar Maraɗi? Ni da aka yaye ni da ƙuli-ƙuli da yaji? An zage ni a duniya, an ce mini baƙar takari a cikin mota, amma ban taɓa jin maganar da ta soke ni irin wannan ba. Na manta da mara lafiya ce. Na tashi fuu, na tsallaka ɗakina, na ɗauko kwalbar yajin da ƙanwata ta aiko mini, wanda ko maigidana sai ya yi bisimilla sau biyu kafin ya taɓa. Na dire mata. Ta buɗe, ta sansana, ta dangwala da ɗan yatsa ta lasa.

"Ba laifi," ta ce. "Ana iya ba yara."

Ashe mutanen Gaza, a duk Falasɗinu, su ne maciya barkono. Rashin sani ya fi dare duhu: mun yi ta hana baiwar Allah abu ɗaya da zai iya tuna mata da gida. Yaya, da ta biyo hayaniyata ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta bari damar ta wuce ba. Ta ce, "To Hajja, tunda namu na yara ne, a nuna mana na manya."

Tsohuwa ta gyara zama. Ta ce akwai wani dakan tumatir da ɗanyen barkono da suke yi, dagga sunansa, wanda ko matacce ya ji ƙamshinsa sai ya yi atishawa. Ta ce komai akwai a gidan ɗanta, abu ɗaya ne babu, kuma in babu shi ba a yi komai ba: ain jarada.

Na ce ta bar mini wannan. Larabcina na kasuwa ne, amma ai na san ain ido ne, jarada kuma fāra. Wani daɗi ya kama ni. Ashe su ma suna cin fāra! Ban tambayi kowa ba, na zari abaya na nufi kasuwar Bab Makka, wajen matan ƙasarmu masu kasa kuka da kuɓewa da daddawa. Na samu wata 'yar Damagaram da soyayyar fāra sabuwar zuwa, ja-wur da yaji. A hanya ina ta tunani, me ya sa ido kawai? Fārar ma gaba ɗayanta nawa take? Sai na ce kowa da al'adarsa, ta cire idanun, ni in ci sauran.

Na miƙa mata ledar da hannu biyu. Ta buɗe, ta leƙa. Ta saki wata ƙara, ta yi jifa da ledar, fāra ta watsu a kan darduma. Na ce, "Hajja, ga idanun nan a jiki, ba a taɓa ko ɗaya ba."

Ta dube ni, ta dubi fārar, ta sake dubana. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta da sauti da farko, sannan ta fashe. Ta dafe idon da aka yi wa aiki da hannu ɗaya, ɗayan tana dukan cinyarta, tana cewa, "Jarad! Ta kawo mini jarad!" Yaya ta zame ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Ni kuwa na tsuguna ina tsince kayana, don ba a wulaƙanta fāra a gabana.

Ɗanta yana ƙasa yana ɗaure wata na'ura a bayan mota, ya ji ƙarar farko. A kwanakin nan ƙara daga ɗakin uwarsa ma'ana ɗaya gare ta. Ya hawo a guje, sukundireba a hannu, fuskarsa ba jini. Ya tarar da uwarsa tana dariya har da hawaye. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe a haka kafin ya juyo.

Shi ya yi mini bayani cewa ain jarada wasu 'yan ƙwayoyi ne masu ƙamshi, suna ne kawai. Ya tafi Balad, tsohon gari, wajen masu kayan yaji ya samo su, 'yan fale-fale, ruwan ƙasa. Na duba su da kyau. In dai idon fāra haka yake, to fārar ƙasarsu ba ta da lafiya.

Bayan la'asar muka hallara a kicin ɗinta. Na kawo ƙaramin turmina. Ta juya shi, ta taɓe baki, ta ce nata na yumɓu ne, ta gaje shi wajen uwarta, yana can Gaza a kan kantar kicin kusa da taga. Sai ta ce, "Ban sani ba ko tagar tana nan." Ta zuba gishiri da ƙwayoyin nan da barkono kore, ta kama taɓarya. Hannun da ɗazu cokali ke yi masa nauyi, sai ga shi yana daka kamar na budurwa. Yaya ta raɗa mini da Hausa, "Garin ne sunansa Gaza, amma ban ga alamar gazawa a nan ba."

Ƙamshi ya cika hawan. Ta sa tumatir, ta matsa lemon tsami, ta kwarara man zaitun. Kuma kowace mai girki ta san abin da ke biyo baya, hannu ne ke yi ba da shawarar kai ba: ta lakata ta kai baki don ta ji gishiri. Muka yi kamar ba mu gani ba. Ta ƙara gishiri, ta sake lakata.

Sai ta farga. Ta ajiye taɓaryar, ta turo mana turmin. "Ku ci ku," ta ce. "Ni na ƙoshi."

Zuciyata ta faɗi. Duk wahalar nan, har da fārata, a banza. Na buɗe baki zan fara magiya, Yaya ta taka mini ƙafa. Ta gutsuri burodi, ta dangwala, ta ci, ta yi gumi, sannan ta ce cikin natsuwa, "Hajja, ranar da aka buɗe hanya, wa zai daka wa yaran nan wannan? 'Yarki?"

"Ita?" Tsohuwa ta ɗaga gira. "Ita ko gishiri ba ta sani ba. Ruwa take cika masa."

"To ai shi ke nan," in ji Yaya. "Sai su ci mai ruwan."

Hajja ta dubi turmin. Can ta jawo ledar ƙwayoyin, ta zazzage su a tafin hannunta, ta raba biyu. Rabi ta mayar, rabi ta ƙulle a bakin mayafinta, ƙulli biyu, kamar yadda tsofaffinmu ke ƙulle goro. Ta ce, "Wannan na yara ne."

Sannan ta miƙa hannu ta gutsuri burodi. Ta dangwala sosai, ba lakatar gishiri ba, ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye. Ta sake gutsura. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba, ba ta kuma daina ci ba. Ta ce, "Barkono ne."

Ni da na ce yaye ni aka yi da yaji, ni ma na kama bakin mayafina. Na ce, "Wallahi Hajja, naku ya fi namu zafi."