Shaidar da Aka Bari Ajiya

Zamanin Turawa aka kai ni gaban alƙali a Haɗeja, wai na sace kwalekwalen maƙwabcina a Auyo. Mutum ɗaya ne ya ga ruwa ya tsinke igiyar ya tafi da shi, wani tsohon masunci, shi kuwa tun kaka ya kama hanyar Makka a ƙasa. Na ce tawa ta ƙare.

Ashe ya ji ana zargina, kafin ya tashi ya zaunar da liman da ladan, ya ce su riƙe masa shaidarsa. Alƙali ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya sallame ni. Matata ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Da tsohon ya dawo bayan shekaru, na kai masa kwandon bandar kifi. Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kai wa liman da ladan. Ni ajiya na bayar, su suka riƙe amana."