Mikisar Kawu, Taƙi Biyu

Har yau in na ji lasifikar masallaci tana ƙugi sai raina ya ɓaci, don Kawu nake tunawa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, makaho, makaɗin kalangu. Daga Shinkafi har Zurmi ba a biki sai da shi. Da Shari'a ta zo aka hana kiɗa, bai yi gardama ba. Ya rataye kalangunsa, ya baro Badarawa ya dawo wurina a Ƙaura Namoda, inda nake gyaran rediyo. Sai zaman banza ya fara cin sa. Mutumin da ake rububinsa, ga shi yana wuni a kan bencin shagona, ba mai ce masa komai sai sannu.

Lokacin wa'azi ya yawaita. Masallacin unguwarmu na da makirufo uku, na malam, na alaramma mai jan baƙi, da na masu tambaya, amma kullum sai ƙugi. Kawu kuwa kunne gare shi. Daga kan benci zai ce, "Na alaramma ya yi ƙarfi, ya danne malam." Na ce to, bari in haɗa masa mikisa, akwatin daidaita muryoyin nan, ya samu abin yi.

Da hannunsa na yi awo. Faɗinta taƙinsa biyu, don ta zauna a ɗan teburin gefen mumbari, kuma da ya ɗora hannuwa ya mallake ta ba lalube. Wayoyi duk na fitar da su ta baya kada su harɗe masa. Abin murɗawa kuwa kowanne da siffarsa: na malam katako ne babba na fere, na alaramma murfin kwalba mai tsaga-tsaga, na masu tambaya mai kusurwa huɗu. Na bar fili sosai a tsakaninsu, don yatsun makaɗi kauri gare su. Kyau kam ba ta da shi, ban kuma yi ta don ido ba.

Ƙugi ya ɗauke ɗif. Kawu ya koma sa babbar riga, tun kafin la'asar yana bakin teburinsa.

Abu ɗaya ne, in alaramma ya ja baƙi ya yi wa Kawu daɗi, yatsunsa kan ɗan taɓa gefen akwatin. Yatsun da suka tsufa a kan fata, ya za a yi da su? Ko sauti ba ya fita. Amma shugaban kwamitin masallaci, wani Alhaji mai motocin haya, ya gani. Ya tare ni ya ce, "Wannan ba mikisa ba ce, ganga ce ka yi mai a ɓoye."

Na ce, "Haba Alhaji! Katako ne da waya. Kiɗan mi?"

Ya ce, "Ko ba kiɗa ba ne, ya yi kama."

Wallahi da ba a ƙofar masallaci muke ba, da na faɗa masa maganar da ba zai manta ba. Mutum ya bar sana'arsa ta gado saboda Allah, yatsun ma sai an bi su da bincike?

Aka sayo wata ƙatuwar mikisa daga Kano, ta cinye teburin har ta yi hanci waje, maɓallanta jere reras, duk iri ɗaya, a matse. Abin da ya fi ƙona mini rai, cewa suka yi ba su kori Kawu ba, in zai iya ya ci gaba. Makaho fa! Kawu ya shafa, ya shafa, ya murɗa wani. Lasifika ta kwarma ihu, sahun baya suka bushe da dariya. Ya janye hannunsa ya ce, "Ɗana, kai ni gida."

Akwatin ya dawo shago, Kawu ya koma benci. In an fara wa'azi muna jiyo ƙugin daga nan, sai ya ce in miƙo masa. Ya ɗora a cinya, ba waya ko ɗaya a jikinsa, ya kama murfin kwalbar nan ya murɗa baya a hankali.

"Ya yi ƙarfi," zai ce. "Ya danne malam."