Ranar da Yaya Sanusi Ya Juya Rigarsa

Kakarmu Inna Ige ba ta yin tatsuniya da damina. Cewa take yi wanda ya wuni duƙe a gona barci yake buƙata, ba ƙarya ba. Sai an gama zuba gero a rumbu, sanyi ya shigo, maza sun koma fadama ban-ruwan albasa, sannan take sa a tara kara a ƙofar ɗakinta a Alelu. Da an idar da isha'i mu jikoki sai mu kewaye wutar, kowa ya binne gyaɗarsa a toka yana gadinta. Inna tana da saurin ranƙwashi, kuma ba ta kuskuren kai. Duk wanda ya katse ta zai kwana yana shafa ƙeya.

Mutum biyu nake fara gani idan na tuna wutar nan. Akwai wana, Yaya Sanusi, mai manyan idanu da tambayar tsiya. Akwai kuma Gwaggo Kulu, autar Inna, wadda lokacin budurwa ce. Tana zama can gefe tana saƙa faifai kamar ta girmi tatsuniya, alhali ita ce ke fara dariya.

"Ku matso," in ji Inna, "ga wata nan ta taho."

Mu ce, "Ta iske mu zamne."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma Yaya Sanusi guda ɗaya yake roƙo kullum, har mun gaji da shi. Ita ce ta limamin da ya ƙi juya riga.

Wai a wani gari ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka. Gero ya nannaɗe ganye, rijiyoyi suka ja baya. Sarki ya sa aka yi shela kowa ya fita roƙon ruwa, har tsofaffi da jarirai da awaki. To, a sallar roƙon ruwa, in liman ya gama huɗuba yakan juya rigarsa, dama ta koma hagu, jama'a su ma su juya tasu, ana fatan Allah ya juya musu halin da suke ciki. Wannan liman ya yi salla, ya yi huɗuba, sai ya tsaya cak. Rana tana dukan mutane, ana jira, bai taɓa rigar ba.

Nan Inna takan ƙanƙance ido ta sauya murya. "Yac ce, ranka shi daɗe, ni ban juya rigag ga sai ka maida ma tsohuwag ga gonatta."

Ashe sarki ya ƙwace gonar wata tsohuwa ya haɗa da tasa, kowa ya sani, ba mai iya faɗa. Sarki ya fusata, ya tuɓe liman, ya naɗa wani. Sabon ya juya riga har ta kusa yagewa, ko gajimare bai haɗu ba. Da wuya ta yi wuya sarki ya mayar da gonar, ya je da ƙafarsa ya ba tsohon liman haƙuri. Liman ya juya rigarsa, kuma kafin mutane su kai gida ruwa ya yi musu jagab.

"Nan tat tsaya," Inna ta ce, "kowa shi nemi tabarmatai."

Da safe Yaya Sanusi zai yafa zanen Inna ya hau turmi, shi ne liman. Ni kullum sarki ake ba ni, don ni ce ƙarama, in durƙusa ina ba shi haƙuri yana ɗaga hanci. Inna ta kalle shi ta ce, "Wanga yaro, in Allah ya raya shi, talakka ya samu baki." Na yarda da maganar nan kamar yadda na yarda da sunana.

Allah kuwa ya raya shi. Ya yi karatu na gaske, ba na cika baki ba. Ya zama limamin Juma'a a wani gari tsakanin Jega da Maiyama, garin da Gwaggo Kulu take aure. Ni ina aure a Jega, ina koyarwa a firamare, kuma in na ji muryarsa a rediyo sai in ƙara sauti maƙwabta su ji. Shi ake kira sulhun manoma da makiyaya, shi ke raba gado. Da mijin Gwaggo Kulu ya rasu, Yaya Sanusi da kansa ya taka fadamar mamacin, ya tsaya a kan iyaka, ya ce wannan ta Kulu ce da marayunta. Fadama ce mai kyau, shinkafa da damina, albasa da rani. Da albasar da ake kai mata kasuwar Aliero take ciyar da yaran.

Akwai wani attajiri a garin, ɗan siyasa, zan kira shi Alhaji kawai. Shi ya gina masallacin Juma'ar, shi ya saka fankoki da lasifika, shi ya ba liman mota da kujerar Makka, kuma ya soma gina makarantar marayu. Ya saye filayen da ke kewaye da na Gwaggo ɗaya bayan ɗaya. Ita ta ƙi sayarwa. Ana gab da faɗuwar damina sai aka wayi gari tarakta ta share iyakar, ta haɗe gonarta da tasa. Aka samo mutum biyu suka rantse wai marigayin ya bar wa Alhaji ita tun yana raye. Gwaggo ta je wurin mai gari, aka ce ta yi haƙuri. Ta je wurin ɗan wanta, liman, ya ce ta ba shi lokaci.

Shekarar nan ruwa ya ɗauke bayan shuka. Gero ya nannaɗe, shinkafar Alhaji ma ta fara ja. Aka yi shelar roƙon ruwa. Da na ji, wallahi sai tatsuniyar Inna ta faɗo mini a rai. Na hau mota daga Jega na iske Yaya Sanusi bayan la'asar a zaurensa, ana gobe za a fita.

Na ce, "Yaya, gobe kai ka riƙe da lasifika, Alhaji na sahun gaba. Kai kat taka iyakan nan da ƙahwakka."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Asabe, ba ki san yadda lamurra ka tahiya ba. In na kunyata shi gaban jama'a, wa za shi ƙarasa ginin makarantar marayu? Ina yi mai magana a keɓe."

"Tun yaushe kaka yi mai magana a keɓe? Marayun Gwaggo hwa, su ba marayu ba na?"

Na tuna masa da turmi da zanen Inna, ina zaton zai ji kunya. Murmushi ya yi, irin wanda ake yi wa yaro. Ya ce, "Tatsuniya ta, Asabe. Inna na yi muna ita don mu yi kwana."

Duk da haka na fita da safe da sauran fata, don ni dai ban da hankali a kan wana. Filin idi ya cika. Ina bayan sahu cikin mata, Gwaggo Kulu tana gefena. Ga Alhaji can gaba, zaune a ƙasa cikin tsohuwar riga kamar kowa. Yaya Sanusi ya yi huɗuba mai ratsa jiki, mutane suna kuka. Ya yi faɗa a kan masu tauye mudu. Ya yi faɗa a kan samari da wayoyinsu, da matan da ba su rufe jiki. Ya ce zalunci yana hana ruwa. Da ya faɗi haka Gwaggo ta damƙe hannuna har na ji zafi. Sai ya fuskanci alƙibla ya juya rigarsa.

Kowa ya juya tasa. Gwaggo ta saki hannuna, ta juya mayafinta ita ma.

Kafin magariba hadari ya haɗu daga gabas, aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara suna tsalle a lungu, mata suna guɗa. Washegari hoton Yaya Sanusi ya cika wayoyin mutane, ana cewa ga malamin da addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Na zauna a ɗakin Gwaggo ina jin ruwan yana dukan kwano, ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ina jin kunyar faɗa, amma har cikin raina na so a ce bai sauka ba.

Ba ni da ja da Ubangiji. Ruwa nasa ne, yana ba mai gaskiya da azzalumi, hisabi kuma yana gaba. Inna ce na daɗe ina jin haushinta, tana kabarinta, don ta sa mun girma muna zaton sama tana ɗaukar ɓangare. Sai daga baya na sake juya tatsuniyar a raina na ga ba a kan ruwa take ba. Limamin tatsuniyar bai san ko za a yi ruwa ba sa'ad da ya tsaya. Abin da ya sani shi ne, a duk shekara safiya ɗaya ce tak mai ƙarfi yake zama a ƙasa, cikin tsoro, a ƙarƙashin muryar wani, ba ya iya tashi ya tafi. Talaka ba shi da kotu, ba shi da ɗan sanda, wannan safiyar kawai yake da ita, kuma a hannun liman take. Wana ya samu tasa. Ya kashe ta a kan mudu da wayoyin samari.

Har yau muna gaisawa da shi, don zumunci ba a yanke shi. An gama makarantar marayun, an sa mata sunan Alhaji. Amma na daina ƙara sautin rediyo.

Bayan ruwan da 'yan makonni na koma garin na tarar Gwaggo ba ta gida. Aka ce tana fadama. Na bi ta, na iske ta cikin jerin mata 'yan ƙwadago, ruwa har ƙwauri, suna cire wa Alhaji ciyawa a shinkafa. Daidai inda gonarta take aka sa ta.

Na ce, "Gwaggo, nan? Duk fadamun garin ga ba ki samu wata ba?"

Ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta yarfe laka daga hannunta. Ta ce, "Ɗiya na son tuwo, Asabe. Kuma nan na hi sanin inda ciyawa ka ɓoyo."

Ta sake duƙawa. Har na juya zan tafi sai ta kira ni, ba tare da ta ɗago ba.

"In kin ga Malam Sanusi ki gaishe shi. Ki ce mai, ruwa ya yi, mun gode."