Abin da Na Sa Cikin Salga

Kwana tara ɗiyata ta yi ba ta yi kashi ba, ni kuwa ban farga ba sai a na takwas, don kullum akwai abin wankewa a wandonta. Wani ruwa-ruwa ne mai wari yake zubo mata kaɗan-kaɗan, na ɗauka ƙiwa ce da taurin kai. Shekarunta biyar da rabi lokacin, muna zaune a Gidan Amumune, maigida yana kabu-kabu da babur, ni ina tuyar ƙosai a ƙofar gida.

Ita ce ta fari, saboda haka ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta gaban mutane, ba na yaba mata. Haka aka yi mini. Mu masu bi ne, Lahadi muna majami'a, amma kunyar ɗan fari babu ruwanta da inda mutum ke sujada, maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke yi. Uwar maigida ce ta raine ta.

Da aka haife ta ta daɗe kafin ta yi kuka. Tafiya kuwa sai da ta kusa shekara uku, a kan yatsu, dugaduganta ba sa taɓa ƙasa. Tana ƙarama babu wata damuwa: kakarta ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora ta bisa kamar yadda ake yi wa kowane jariri, ta yi a ƙasa, a kwashe. Da yarinya ta yi nauyi, ƙafafun tsohuwa suka gaza. A shekarar ne maigida ya gina sabuwar salga da daɓen siminti da murfi, aka ce ta isa ta riƙa shiga kamar kowa. Sai ta shiga, ta jima, ta fito ba ta yi komai ba. An jima ka same ta bayan rumbu a tsaye, ta ɓata jikinta.

Ina da saurin fushi, ban taɓa musun wannan ba. Wata ranar kasuwa mata sun kewaye kaskona, sai yarinyar ta zo ta tsaya kusa da ni, wari ya tashi. Wata ta toshe hanci, ta mayar da ƙosan da ta ɗauka. Na bar mai a wuta, na sungumi yarinya zuwa salga, na ture murfin da ƙafa, na karkata kanta bisa ramin. Kyankyasai suka watse.

Na ce, "Duba da kyau. Akwai wani abu nan ciki. Shina jin warin mai yi ga wando. Kika ƙara, hitowa za ya yi ya ja ki."

Ba ta yi kuka ba. Kallon ramin kawai ta yi, ta daɗe tana kallo. Na manta rabon da in ɗauke ta a hannuna kafin wannan rana.

Kwana biyu wando ya bushe. Har da bugun ƙirji na yi gaban mata, na ce na samo maganinta. Na kuma rage mata ruwan sha don kada fitsari ya biyo baya, ina ganin na iya dabara.

Daga nan ta fara barin tuwo a kwano. Ina hango ta bayan rumbu ta harɗe ƙafafu, ta sandare, gumi na tsattsafo mata a goshi, idonta na kan ƙofar salga. In abin ya lafa sai ta dawo ta zauna shiru. Ruwan nan mai wari ya soma zubowa, na yi ta faɗa. Rana ta takwas ta sha fura ta amayar. Kakarta ta ɗaga mata riga, ta kira ni.

"Zo ki taɓa cikin ɗiyag ga."

Na taɓa da yatsa biyu. Ya kumbura, ya yi tauri kamar bayan ƙwarya. Tsohuwa ta jiƙa tsamiya ta ba ta, ta dawo da ita. Washegari muka kai ta wurin majo, babban ma'aikacin ɗakin shan maganin garinmu. Mutum ne mai barkwanci, amma da ya danna cikin sai ya daina wasa. Ya ce mu wuce Tasawa a ranar, kada mu tsaya cin abinci, in hanji ya toshe sai an yanka ta.

Muka hau moto, babur ɗin maigida, tana tsakanina da ubanta. Gero ya yi kai dama da hagu, rairayi na kama taya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ta ja numfashi ta riƙe.

A asibiti aka ɗura mata ruwan magani ta ƙasa, mutum uku suna danne ta. Abin da ya fito baƙi ne, curi-curi, kamar tsakuwa. Na yi ajiyar zuciya, na fara ɗaura gyale mu tafi. Likita ya ce da saura. Ya tura mu wani ɗaki mai tabarma da ƙwallaye, wurin wata mata da suke kira kine, wato mai aikin motsa gaɓoɓi da koya wa jiki abin da ya kasa.

Matar ta yi mini bayani ba kwana-kwana. Ruwan da nake gani a wando, ta ce, gefen busasshen kashin yake bi ya zubo, yarinya ba ta ma jin fitarsa. Hanjinta ya buɗe ya saki, zai ɗauki watanni kafin ya koma. Abin da aka fitar yau zai sake taruwa in ba a gano dalili ba. Sai ta ce da yarinyar ta tsuguna. Ta lanƙwasa gwiwa, ta tafi da baya, ta faɗi zaune. Ta sake, ta sake faɗuwa. Sau uku.

"Maman yarinya, wa ya ce maku tana iya tsugunno?"

Babu wanda ya ce. Shekara biyar tana gabana, ban taɓa tsayawa na kalli ƙafafunta ba. Kullum ina tura ta ta tsuguna bisa rami, ita kuma ta san in ta gwada baya za ta faɗa.

Kine ta nuna mini abin yi. A samo mata wurin zama mai huji, a sa bulo ƙarƙashin ƙafafunta har gwiwa ta ɗara ƙugu. Ta zauna bayan ta ci abinci, ko ta yi ko ba ta yi ba, tana hura iska kamar mai huce kunu. Ruwa da yawa, da zogale, da miyar kuka. Safe da yamma a miƙe mata sharaɓa a hankali, a shafa cikin ana zagayawa daga dama a hau a sauko hagu. In ta zauna, a yaba mata.

Na ce kakarta za ta yi.

"Ta fari ce ko? Ni ma ta fari ce," in ji kine. Ta jawo wani fo na roba, irin mazubin da yara ke kashi ciki, ta ce yarinya ta gwada zama. Ɗiyata ta matso, ta leƙa cikinsa, ta ɗago kai.

"Nan ma shina ciki?"

Matar ta tambaye ta mi ne ne, ta gaya mata duka, da muryata, kalma ba ta ɓace ba. Ta ƙara da abin da ban sani ba: wai in ta riƙe, abin ba zai ji warinta ba. Kine ta juyo ta dube ni. Na so ƙasa ta tsage.

"Wanda ya sa shi ciki, shi za ya hidda shi," ta ce. "Da hannunki za ki yi, ba kaka ba."

Maigida ya fafe gindin wani tsohon turmi, ya goge bakinsa, muka ajiye shi a fili nesa da salga. Ranar farko da na kwantar da ita na sa hannu a cikinta, jikinta ya ƙame, tana kallona kamar baƙuwa. Kakarta ta kau da kai. Daga baya, kullum in lokacin ya yi, sai tsohuwa ta tuna tana da magana da maƙwabciya, ta ja sandarta ta bar mana gidan. Ban taɓa gode mata da baki ba.

Abin bai tafi a miƙe ba. Mako guda lafiya, na biyu ciki ya sake tauri, mu koma Tasawa. Na zaunar da ita na ce ƙarya na yi. Da rana tsaka na ɗauko tocila na haska mata ramin, na ce ta gani, ba komai. Ta duba, ta gyaɗa kai.

Yanzu tana lakwal, makarantar boko. Turmin ya koma bisa ramin salga, tana shiga ita kaɗai, dugaduganta sun kusa taɓa ƙasa. Har yau kafin ta gaishe ni da safe sai na danna cikinta na ji.

Sai dai duk lokacin da na ɗauki buta na shiga salga, ina jin jan ƙafarta har bakin zana. Ta tsaya.

"Mama?"

In amsa. An jima ta sake kira, in sake amsawa.

Wata rana da hantsi na ce bari in yi shiru, ko ta saba. Ta kira sau ɗaya, sau biyu. A na uku muryarta ta canza. Kafin in buɗe baki ta yaye zanar, tana jan taɓarya da hannu biyu, wadda ta fi ta tsawo. Fitsari na bin ƙafafunta, idonta ba a kaina yake ba, yana kan ramin.

Na ce, "Ba na gaya maki ƙarya ne ba?"

"Kin gaya mani," ta ce. "To mi ya sa ba ki amsa ba?"

Tun daga ranar, in na shiga, magana nake yi da ƙarfi har in fito.