Tsagar Kunnen Shanun Baffa

A shekarar da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, ina aji biyar a firamaren ƙauyenmu, tsakanin Isa da Sabon Birni. Dukiyar gidanmu saniya ɗaya ce, ja, wadda Inna ta gada. Da nononta muke dama ɗan abin da ya samu.

Kullum rediyo yana nanata doka: duk dabbar da ta ƙetaro daga Nijar sai ta bi ta wurin malaman dabbobi, su tsare ta, su yi mata allurar ciwon bushiya, su sa mata shaida a kunne. Amma a wurin tsarewar ko kara babu, don haka makiyaya suke ratse daji.

Wata la'asar Baffa ya iso da shanunsa. Bafillace ne daga wajen Maraɗi, aminin Baba tun suna samari. Na gaishe shi murya ƙasa-ƙasa, ya ce boko ya cinye mini baki. Baba ya ji nauyin tambayarsa ko ya bi ta wurin malamai; ba a yi wa baƙo tambayar ɗan sanda bai sha ruwa ba. Sai ya shiga cikin shanun yana shafa su kamar mai yabawa, yana leƙen kunnuwa. Kowane da tsaga. Hankalinsa ya kwanta, suka sha ruwa a kwami ɗaya da saniyar Inna.

Bayan sun yi kudu, saniyarmu ta soma hawaye da dalala, ta ƙi dusa. Malamin dabbobi ya zo daga Isa bisa babur. Baba ya zana masa tsagar a ƙasa da tsinke.

"Malam, wannan ta gado ce," in ji shi. "Kowane gidan Fulani da tasa. Tamu huda ce."

Ya ce bushiya ce, ya hana a yanka ta, ya ce in ta mutu a bizne har fata. Da ta mutu, Inna ta kwance igiyar wuyanta, ta rataye bayan ƙofa.

Labari ya kai wa Baffa, kunya ta hana shi sake biyowa ta gidanmu. Baba yakan ce da ya tambaye shi da ya faɗi gaskiya, don bai taɓa yi masa ƙarya ba.

"Za ni neme shi in an yi ruwa," in ji Baba.

An yi ruwa, gero ya yi kyau, bai tafi ba. Shi ma kunyar ce ta riƙe shi.