Tekun da Aka Rataye a Lungu

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, baffana ya wayi gari da tsoron Allah irin na farat ɗaya. Mutumin da duk Daura ta sani da sayar da kaset ɗin kalangu a tashar Zango, sai ga shi yana bin gidajen dangi yana duba bango. Da ya zo namu, idonsa ya faɗa kan zanen da ke falona.

Zanen teku ne da marigayi yayana ya kawo daga Ikko, kuma shi kaɗai na gada daga gare shi. In ka matsa kusa, dabbare-dabbaren fenti ne kawai, kamar an goge hannun miya a tsumma. In ka ja da baya taku biyar sai ruwa ya buɗe, rana na wasa a kansa, ga duwatsu, ga wani jan ɗigo a bakin gaɓa. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, nakan zauna gabansa bayan la'asar in ji raina ya yi sanyi.

Baffa ya rantse jan ɗigon nan mace ce, kuma ba mayafi, don haka sai an ƙona. Na ce kwale-kwale ne. Haushi ya kama ni ƙwarai, amma ba a musu da ƙanin uba, sai na yarda a kira limamin unguwa.

Liman ya kai hancinsa jikin zanen, ya ce shi bai ga komai ba sai ɓarnar fenti. Baffa ya ja shi baya har bakin ƙofa. A nan tsohon ya daɗe yana kallo, har na lura abin ya burge shi.

"Daga nan dai mace ce," in ji shi. "Daga can kuwa ba kowa."

"To, Allah gafarta Malam, a ƙona ke nan?" in ji Baffa.

"A'a. A rataye shi inda ba a ja da baya."

Aka mayar da shi lungun da ke tsakanin kicin da sito, inda mutum biyu ba sa gilmawa. Baffa ya tafi yana murna. Wanda ya iya hango mace a ɗigon fenti, Allah kaɗai ya san abin da yake gani ranar kasuwa.

Zanen yana nan har yau, wuta ba ta taɓa shi ba. Kullum nakan wuce kafaɗata na gogar sa, amma tun ranar ban ƙara ganin teku ba.