Ranar da Na Sauya Kalmar Sirrin Alhaji

Alhajin da nake yi wa aiki a lokacin babban ɗan kasuwa ne, yana da motocin dakon kaya masu ƙetare iyaka, kuma bironsa, wato ofishinsa, na Sabon Gari. Ni ke kula da ordinatocin biron, wato kwamfutocinsa. Kullum da safe nakan taso daga Tsibiri kan moto, ɗan babur ɗina, in zo in buɗe.

Akwai wani fishiye guda, wato fayil, a cikin ɗaya daga ordinatocin, wanda duk takardun kaya da muke turawa da shi ake sa musu hannu. A cikinsa akwai shaidar kamfanin da kuma mabuɗin sa hannun, an kulle su da kalmar sirri. Duk wanda ya riƙe fishiyen nan kuma ya san kalmar, to ya zama Alhaji, yana iya tura takarda da sunansa.

Kafin ni, wani mutumin Jiratawa ne ke riƙe da aikin, shi ya koya mini ma. Suka samu saɓani da Alhaji, ya tafi ba sallama. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, tun ranar nake zarginsa, don na taɓa ganin ya zare ɗan kile daga jikin ordinatar ya jefa aljihu. Irin ƙaramar ma'ajiyar nan da ake kwafar abu a ciki. Ban gaya wa kowa ba, amma abin na cina.

Kwana biyu da tafiyarsa Alhaji ya shigo da hantsi, ya kori kowa, ya turo ƙofa. Ya ce in sauya kalmar yanzu yanzu, kuma shi zai rubuta sabuwar da hannunsa. Na yi masa bayani cewa zan rubuta ɗan kod, umarnin da ordinatar ke bi, da zai buɗe fishiyen da tsohuwar kalma, ya ɗauko shaidar da mabuɗin, ya sake kulle su da sabuwa. Ya ce shi ba karatu ya zo ba.

Kafin in taɓa komai na kwafi fishiyen a kilena na sa aljihu. Haka ake yi. In kod ya yi kuskure wajen rubuta sabon ya lalata tsohon, motoci sai su kwana a iyaka, kuma wuyana za a kama.

Da lokacin rubutawa ya yi, sai ya ce in juya in fuskanci bango. Ni da ƙaton gemuna, kamar ɗan lakol da aka kama da surutu a aji! Na juya dai. Ina jin shi yana danna harafi ɗaya ɗaya da yatsa guda, yana tsaki. Sau biyu ake rubutawa, kuma sau uku na farkon da na biyun suna ƙin haɗuwa. Kowane karo sai ya tambaye ni ko na taɓa wani abu. Wallahi raina ya ɓaci, ina fuskantar bango mi zan taɓa? A na huɗu ta zauna. Na gwada tura takarda, ta wuce.

Alhaji ya yi hamdala ya miƙe. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma zargin nan bai bar ni ba. Na ce masa sauya kalma ba ta gama magana ba, domin mabuɗin da ke ciki shi ne dai na da. In wani ya riga ya kwafi tsohon fishiyen, tsohuwar kalma za ta ci gaba da buɗe masa, ko daga Jiratawa ne. Maganin kawai a sa waɗanda suka ba mu shaidar su soke ta, su ba mu sabuwa.

Ya koma ya zauna.

"Ashe ana iya kwafarsa?"

Na ce ƙwarai, cikin ƙiftawar ido.

"Kai kuma, kana da shi?"

Ƙarya ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Na zaro kilen na ajiye kan tebur, na fara bayanin cewa kariya ce, kowane mai wannan aiki haka yake yi, ɗazun nan na kwafa kuma yanzu zan goge. Ina magana ina jin yadda maganar ke fita, ko ni ba ta gamsar da ni ba.

Ya ɗauki kilen ya jefa aljihun rigarsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi in bar makullin biro wurin mai gadi, zai neme ni.

Sai da na fita daga gari, na kama hanyar Tsibiri, sannan mutumin Jiratawa ya faɗo mini a rai. Abin da na gani a hannunsa har na yanke masa hukunci, kile ne kawai ya shiga aljihu. Shi ya koya mini yin kwafi kafin a taɓa fishiye. Kunya ta kama ni har na sauka gefen hanya na kashe moton.

Na kira lambarsa. Ta yi ta ƙara, bai ɗauka ba.